Rigunan Ranar Kotu

Bencin da ke barandar kotun na katako ne, ya sha zama har ya yi santsi, kuma akwai wata ƙusa da ta leƙo daga gefensa tana kama zannuwan mata. Mai ɗinki ta san inda ƙusar take. Tun ranar da ta yaga mata zani ta koyi zama can ƙarshe, kusa da tagar ofishin magatakarda, ta ɗora leda a cinya ta rungume ta da hannu biyu kamar wani zai fizge. A cikin ledar akwai 'yar riga ruwan hoda mai maɓallai a baya, ta ɗinka ta, ta goge, ta ninke. Ita ce rigar da 'yarta za ta saka su koma gida, in alƙali ya ce a ba ta 'yarta.

Ƙarar ba ta da wani tsawo. Mijinta ya rasu yarinyar tana tatata. Ana cikin zaman makoki sai yayan mijin, mai kantin kayan gini wanda dangi duka ke kira Yaya Babba, ya sa matarsa ta ɗauki yarinyar. "Ki samu ki huta," in ji shi, "in kin dawo hayyacinki sai a kawo miki ita." Makoki ya watse, aka naɗe tabarmi, Mai ɗinki ta dawo hayyacinta tsaf, amma ba a kawo yarinya ba. A gidan Yaya Babba ana kiran yarinyar Takwara, don sunan kakarta ta wajen uba ta ci. Ita kuwa uwar, mutanen layinsu suna kiranta Maman Takwara, har zuwa lokacin da sunan ya fara yi wa bakinsu nauyi suka koma ce mata Mai ɗinki.

Alƙalin dattijo ne mai farin gemu da sanyin murya. Ba wanda ya taɓa cewa ya ci hanci, ni ma ba zan ce ba, don bai ci ba. Abin da yake ci shi ne yabo. An san shi da sulhu, kuma yana alfahari da cewa tunda ya hau kujerar nan bai taɓa barin 'yan'uwa sun fita daga gabansa suna gaba ba. Yaya Babba ya gane haka tun zaman farko, kuma bai sake neman wata dabara ba.

Da aka kira ƙarar, Mai ɗinki ta tsaya ta faɗi nata. Yaya Babba ya miƙe ya gyara hula, ya haɗa tafin hannu, ya sauke murya ƙasa-ƙasa.

"Allah ya gafarta Malam, wallahi kunya ma nake ji da na tsaya a nan. Wannan ƙanwata ce, matar ƙanina. Maganar gida ce. A ba mu lokaci mu je mu zauna da manya, in sha Allahu ba za a sake jin kanmu ba."

Fuskar alƙali ta saki. Ya dubi Mai ɗinki ta saman gilashinsa.

"Kin ji ko, 'yata? Mutumin nan bai musa cewa 'yarki ce ba. In na yanke hukunci yau, kin samu 'ya kin rasa dangin ubanta. Ku je gida ku daidaita, ya fi muku alheri."

"Allah ya gafarta Malam, ai daga gidan muka zo."

"To ku sake komawa," in ji shi, yana murmushi. Magatakarda ya rubuta wata rana.

Ta koma shago da ledarta. Shagon ɗaki ɗaya ne mai ƙofa a bakin titi, keken ɗinki a gaba, teburin yanka a gefe, labule a tsakiya, bayan labulen katifarta da risho. Ta ciro rigar ta rataye a igiyar da take rataye ɗinkin mutane. Maƙwabciyarta Mai kitso, wadda bakinta ba ya ajiye magana, ta leƙo da matsefi a hannu, ta ga rigar, ta ga fuskarta.

"An ce ku daidaita ko? Na sani! Wannan alƙalin ko ɓarawo aka kawo masa da akuya a kafaɗa, cewa zai yi su je gida su fahimci juna shi da akuyar."

Mai ɗinki ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, Mai kitso ta ajiye matsefi ta riƙe ta.

Zaman sulhun an yi shi, ba za a ce ba a yi ba. A falon Yaya Babba aka yi, inda kujerun har yanzu ba a cire musu ledar kanti ba. Manya suka hau kujeru, ita ta zauna a ƙasa. Kaka, uwar marigayin, ta fara kuka tun kafin a buɗe da addu'a.

"Ɗana ya tafi ya bar ni. Abu ɗaya da nake kallo in ga fuskarsa, shi kike so ki ɗauke min? Ki jira in mutu mana, ai ban yi nisa ba."

Yaya Babba ya karɓa. Shagon ɗinki wurin renon yarinya ne? Allura a ƙasa, almakashi a ƙasa, maza na shiga suna fita da sunan gyaran wando. Wani kawu ya ƙara da cewa ita yarinya ce ɗanya, gobe wani zai fito ya aure ta, ta kwashi jininsu ta kai gidan wani ƙato ya riƙa aiken ta sayen sigari. Wata gwaggo ta ce haƙuri dai, haƙuri, mace da haƙuri aka san ta. Matar Yaya kaɗai ba ta zauna ba. Ta daɗe a gidan ba ta taɓa ko ɓari ba, kowa ya san wannan, kuma ba wanda ya ambata. Tana tsaye a bakin ƙofar ɗaki, ta tare ƙofar da jikinta, daga ciki ana jin yarinya na buga cokali a kwano.

Abin da aka daidaita a kai shi ne Mai ɗinki ta riƙa zuwa ganin 'yarta. Ta je. Takwara ta gan ta ta saki ihu ta ruga ta cusa kai a ƙirjinta, tana laluben wuyan rigarta kamar da. Da lokacin tafiya ya yi sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya daga mayafin uwar. Mai ɗinki ta kai bakin titi tana jin kukan. Ta hau mota tana jin sa. Ta zauna a kan keke ta taka, kukan yana nan a cikin ƙarar keken, in ta tsaya ya tsaya, in ta taka ya ci gaba.

Zuwa na gaba maigadi ya ce ba sa nan. Na gaba da shi aka ce yarinya na barci. Daga baya Yaya Babba ya aiko cewa zuwanta na sa wa yarinya zazzaɓi, a ɗan dakata tukuna.

Ranar kotu ta zagayo. Ta sauke rigar ruwan hoda ta ɗaga ta a haske, ta san ta yi kaɗan, don yara ba sa jiran kotu. Ta mayar da ita igiya ta yanka wata, shuɗiya mai 'yan furanni, ta ƙara faɗi da ka. A kotu Yaya Babba ya ce alhamdu lillahi an zauna, an yi nisa, saura ƙiris. Alƙali ya yaba masa, ya ba da wata rana. A wannan ranar lauyan Yaya Babba yana wata kotu. A ta gaba Kaka na kwance a asibiti, wa zai yi maganar raba ta da jika a irin wannan hali? Sannan alƙali ya tafi taro, sannan kotu ta tafi hutu, da aka dawo kuma Yaya Babba ya sake gyara hula ya haɗa tafin hannu. Kowace rana da rigarta, kowace riga ta je kotu a leda ta dawo ta hau igiya.

Wata rana Matar Yaya ta zo shagon da kanta. Ta tsaya daga waje, ta ƙi zama.

"Yarinya za ta shiga makaranta, tana bukatar kaya. Na ce da maigidan ba wanda zai ɗinka mata sai ke." Ta sunkuyar da kai. "Amma ya ce da sharaɗi. Ta samu ta kwantar da hankalinta, ta daina firgita. In kin zo, kin zo ɗinki ne. Kar ki ce mata komai."

"In ce mata ni wace ce?"

"Ai ba sai kin ce ba. Mai ɗinki ce ke, ba ƙarya aka yi ba."

Mai kitso ta ce kada ta kuskura, wannan rami ne aka haƙa mata. Mai ɗinki ta san rami ne. Amma wanda bai taɓa yin watanni bai taɓa fatar ɗansa ba, kada ya yi saurin ganin wautarta. Ta ɗauki tef ɗin awo ta tafi.

Aka fito da Takwara baranda. Ta yi tsawo, an yi mata kitso mai kyau, ba rama ba datti, gaskiya ba a cutar da cikinta ba. Ta kalli baƙuwar ta ɗan tsaya, kamar mai son tuna inda ta taɓa jin wani ƙamshi, sai Matar Yaya ta ce, "Ɗaga hannu Mai ɗinki ta gwada ki." Ta ɗaga. Uwar ta durƙusa ta zagaya tef a ƙirjinta, kuma wannan zagayawar ita ce rungumar da aka yarje mata. Ta auna kafaɗa, ta auna hannu, ta sake auna ƙirjin, ta ce ba ta ga lambar da kyau ba. Ta ji numfashin yarinyar a goshinta. Ta ga wani tabo a gwiwarta wanda ba ta san ranar da aka ji ciwonsa ba.

"Umma, na gaji," in ji Takwara, kuma ba da ita take ba.

Daga nan ta zama mai ɗinkin gidan. Ta koyi yin ɗinkin ya ɗan matse, don a sake kiran ta gyara. Ta koyi ɗinka maɓalli sako-sako. Laifin da ba ta taɓa yi ba tun tana koyo, yanzu da gangan take yin sa, saboda ta samu ta sake durƙusawa a barandar nan. A kotu kuwa lauyan Yaya Babba ya tashi ya ce uwa na shiga gidan tana fita yadda take so, har ɗinki take musu, wace shaidar zaman lafiya ta wuce wannan? Alƙali ya ji daɗi ƙwarai. Ya ce kun gani, da ya yi gaggawa da duk wannan bai samu ba.

Shagon ya fara mutuwa. Wata mata ta kawo yadin biki, ta dawo ta tarar an yanka shi daidai jikin 'yar yarinya. Mai ɗinki ta tsaya tana kallon yankan, ita kanta ba ta san lokacin da almakashin ya bi wannan hanyar ba. Labari ya zaga layi cewa kanta ya taɓu. Masu kawo ɗinki suka ragu, igiyar ta zama ta rigunan kotu kaɗai, jere daga ƙarama zuwa babba. In fanka ta kaɗa sai su riƙa motsi, hannuwansu na ɗagawa. Da rana tsaka, tana ɗinki, takan ji kamar yara ne tsaye a bayanta suna jira ta juyo, kuma takan yi musu magana. Mai kitso ta taɓa shigowa ta same ta tana ce wa shuɗiyar rigar ta daina tsotsar yatsa.

"Maman Takwara, ki sauke kayan nan don Allah. Ni tsoro suke ba ni."

"In sauke in kai su ina? Kowace da ranarta."

Ta rame har zobenta ya daina zama. A barandar kotu an san ta kamar yadda aka san ƙusar bencin. Masu sayar da ruwa na gaishe ta, sababbin masu ƙara na tambayar ta inda ake kai takarda. Ta ga waɗanda suka zo bayanta sun gama sun tafi, ta ga waɗanda suka gaji suka bari. Kaka ta rasu, ta je gaisuwa, aka zaunar da ita cikin baƙi. Da aka koma kotu Yaya Babba ya ce yanzu gidan na cikin jimami, kuma marigayiya ta bar wasiyya da baki cewa kada a raba Takwara da gidan ubanta.

Sannan dattijon alƙali ya yi ritaya. An yi masa walima a harabar kotu, an kafa rumfa, aka yi ta jawabi a kan yawan gidajen da ya hana rushewa. Mai ɗinki na kan benci tana ji ta lasifika, don ranar ƙararta ce, kuma ba wanda ya gaya mata ba za a zauna ba.

Sabon alƙalin bai da furfura kuma bai da yawan murmushi. Ya daɗe yana juya takardun ƙarar, sannan ya ɗaga kai ya tambayi Mai ɗinki yaya yarinyar take lokacin da aka kawo maganar.

"Tana tatata, ranka ya daɗe."

"Yanzu fa?"

"Tana makaranta. Har ta fara famfara, haƙoranta na gaba sun fita."

Yaya Babba ya miƙe ya gyara hula. Bai kai ga haɗa tafin hannu ba alƙali ya ce ya zauna.

"Lokacin da kake nema an ba ka, har ka cinye na yarinyar. Akwai wanda ya ce matar nan ba ta da hankali, ko ba ta da tarbiyya, da shaida? Babu. To wannan magana ba ta kai ta kwana a kotu ba. Gobe a kawo yarinya nan, a miƙa ta ga uwarta a gabana."

Shi ke nan. Abin da aka yi shekaru ana zagayawa, bai ɗauki lokacin shan kofin shayi ba. Mai ɗinki ta tsaya ba ta motsa ba, sai da ɗan sandan kotu ya ce, "Baiwar Allah, kin yi nasara fa."

Washegari aka kawo Takwara da kayan makaranta a jikinta da 'yar jaka a baya. Da ta ga an miƙa hannunta ga wata, ta ga Matar Yaya na kuka, sai ta ƙanƙame ƙafar matar ta fasa ihu, irin ihun nan dai da Mai ɗinki ta kwashi shekaru tana ji a cikin keke. Mutanen baranda suka taru. Wata tsohuwa da ba ta san kan zance ba ta ce kai, duniya, a raba 'ya da uwarta haka da rana tsaka? Yaya Babba ya buɗe hannu yana kallon jama'a, su gani da idonsu abin da yake gudu. Matar Yaya ce ta sunkuya ta share wa yarinyar fuska, ta ce, "Yi shiru. Mai ɗinki ce fa. Je ki ta gwada ki."

Yarinyar ta yi shiru. Ta san Mai ɗinki, Mai ɗinki ba ta cizo. Ta kama hannunta suka sauka daga matakala.

Magatakarda ya rufe ƙarar, aka lissafa ta cikin waɗanda kotu ta warware. Ba wanda ya karya doka a wannan labari. Dattijon alƙali yana gidansa ana kai masa gaisuwa, kuma in an tambaye shi zai ce alheri ya nufa, ni kuwa na yarda. Sai dai duk ranar da ya ce a je gida a daidaita, akwai wanda yarinyar ke kwana a gidansa, akwai wadda ke komawa da riga a leda, kuma bai taɓa tambayar kansa wa jiran yake yi wa aiki ba. Da ya yi hukunci a ranar farko, da an yi fushi na wata ɗaya an huce.

A shago Takwara ta tsaya tsakiyar ɗaki tana kallon igiya. Mai kitso ta leƙo, ta buɗe baki za ta yi guɗa, ta dubi fuskar uwar, ta ja ƙofa ta koma.

"Kai, riguna! Na wace ce?"

"Na wata yarinya ce."

"Ba ta zo ta karɓa ba?"

"Ba ta zo ba."

Mai ɗinki ta durƙusa a gabanta. Maganar da ta yi shekaru tana gyarawa a ranta, mai tsawo, mai daɗi, duk ta gudu, sai guntuwa ta rage.

"Takwara, ni ce mamanki. Ni na haife ki."

Yarinyar ta yi murmushi da giɓinta, irin murmushin da yaro mai tarbiyya ke yi wa babban da ya yi kuskure.

"A'a, Mai ɗinki. Mamana ta rasu, ita da Babana. Kaka ce ta gaya min. Kullum in na yi salla sai na yi mata addu'a Allah ya ji ƙanta."

Fanka na juyawa, rigunan na motsi a bayansu. Takwara ta ajiye jakarta a kan teburin yanka, ta gyara tsayuwa ta haɗe ƙafafu, ta buɗe hannuwanta biyu yadda aka koya mata.

"Ki gwada ni da sauri," in ji ta. "Kar Umma ta ga na daɗe."